Me ya sa faifaina ba ya yin nisa?

Tambaya: Malam, wata shida ke nan ina wasan golf na faifai, wanda ake jefa faifan roba daga nesa don ya shiga kwando. Da hannun dama nake jifa, bayan hannu na gaba, amma ban taɓa wuce mita 60 ba. Na sayi faifan Destroyer don in ƙara nisa, sai ga shi ina sakinsa yake kwantawa hagu ya faɗi. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, faifan nan ya fi ƙarfin hannunka a yanzu, ajiye shi tukuna. Dubi lambobinsa huɗu: 12, 5, -1, 3. Ta farko tana nuna saurin da yake buƙata kafin ya tashi yadda aka ƙera shi. In hannu bai kai shi wannan saurin ba, sai ta ƙarshe ta karɓe ragama tun da wuri, ita ce ke jan sa hagu. Nemi faifan Leopard mai lambobi 6, 5, -2, 1, kuma mara nauyi, kamar gram 160. Wannan -2 ɗin ke sa ya ɗan karkata dama ya miƙe kafin ya dawo. Ni a ganina ya fi maka amfani nesa ba kusa ba.

Amma gaskiyar magana, rabin matsalar a wuyan hannunka take. Yawancin sababbi suna sakin faifai goshinsa na kallon sama, sai ya haye kamar shirwa, iska ta tare shi, ya zube. Sa yatsu huɗu ƙarƙashin bakinsa, babban yatsa a kai, ka ɗan lanƙwasa wuyan hannu ƙasa kamar mai zuba shayi. Sannan ka juya kafaɗa har bayanka ya kusa fuskantar kwandon, ka jawo faifan a miƙe daf da ƙirji, gwiwar hannu na gaba, kamar mai jan igiyar janareta. Kada ka zagayo da shi. Ƙafar dama ta fara dira, ƙugu ya juya, hannu ne na ƙarshe.

Zancen ɗaukar gudu kuwa, bar shi yanzu. Sannu ba ta hana zuwa. Samu fili, ka tsaya cak wuri ɗaya kana jefa Buzzz, wani faifai na matsakaicin zango, har sai ya riƙa tafiya sak ba ya rawa a iska. Daga nan ka ƙara taku uku a hankali.