Shuka sau uku a damina ɗaya, ina mafita?

Tambaya: Salam Malam, ni manomi ne daga wajen Daura. Bara sau uku na shuka gero, ruwa ya sauka mu shuka sai ya ɗauke kusan sati uku shukar ta ƙone, iri ya ƙare kuɗi ya ƙare. Dan Allah ya za mu yi?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri, wallahi abin da ciwo. Gaskiya farkon damina yanzu ba abin yarda bane, zafi ya ƙaru, ƙasa na saurin bushewa, ruwan kuma sai ya zubo da yawa lokaci ɗaya ya bi kwari ya wuce. To kar ka biye wa ruwan farko. Ka tona da hannu, in laima bata kai taƙi ɗaya ba ka haƙura tukuna, in kuma zuciya ta ƙi to ka shuka rabin gona ka ɓoye sauran irin. NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, na fitar da hasashen damina duk farkon shekara, ka riƙa bin rediyo ka ji na yankinku.

Batun iri, nemi gero mai saurin nuna kamar Sosat, wajen wata uku ya isa girbi, ko an makara yana kaiwa.

Amma abin da na fi so ka ji shi ne na maƙwabtanku na Nijar, don ƙasarsu ta fi taku bushewa. Bayan farin 1984 manoman Maradi suka daina tumɓuke kututture lokacin sharar gona, sai su zaɓi tofo biyu zuwa biyar masu ƙarfi su sassabe sauran, shi suke kira sassabin zamani. Yau ana lissafin kusan hekta miliyan 5 da suka farfaɗo tsakanin Maradi da Damagaram. Musamman gawo, kaga shi da damina yake zubar da ganye, baya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, dabbobi kuma su sha inuwarsa da rani su bar maka kashi. Duba geron gindin gawo ka gwada da na fili.

In akwai fako a gonarka ka yi tassa irin ta mutanen Illela ta jihar Tawa, ramuka tun da rani, zurfin kamar taƙi ɗaya, ka tara ƙasar ta ɓangaren gangare, ka zuba takin gida cikin hannu biyu. Ruwa na kwanciya a ciki, shuka ta jure kwanakin da sama ta ɗauke. Aikin akwai wahala sosai, don haka fara da ɗan yanki bana ko ku haɗa gayya.