Filin Makanike: Kaskon giyabos ɗina yana zufar mai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Masta. Ina da motar ɗaukar kaya otomatik, ina ɗauko doya da ita daga Techiman zuwa Kumasi. Wata huɗu ke nan kaskon ƙasan giyabos ɗina ya daki dutse ya lotse, sai na sayi na alminiyam mai kauri, wai ya fi sanyaya mai. Tun daga ranar kullum da asuba sai in tarar da jan mai a ƙasa, faɗin sidi ɗaya na ƙarfe. An canja gasket sau biyu, an ƙara ɗaure notuna, a banza. Makanikena ya ce kaskon ne da kansa yake yoyo, alhali babu tsaga babu huji. Anya ƙarfe yana yin haka? Wasu sun ce in shafa gam, wasu sun ce in kai walda. Daga wani direba, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa wa nema albarka. Makanikenka bai yi maka ƙarya ba, yana yi. Ka tuna sabuwar randa: ka cika ta da ruwa, ka dawo ka ga bayanta ya jiƙe, ka juya ta ko'ina ba ka ga inda ta fashe ba. Kaskon alminiyam na zubi yakan yi irin wannan nason.

Dalilin yana wurin zubi. Alminiyam yana narkewa a zafi digiri 660, kuma idan ya narke yana shan iskar haidirojin, wadda yake samu daga danshin iska ko na kayan da aka narka. Da ya fara daskarewa sai ya amayar da ita, ta maƙale a ciki ƙwaya-ƙwaya. Ga shi kuma yana tsukewa da sama da kashi 6 cikin 100 yayin daskarewa, inda narkakken bai kai ya cike gurbin ba sai a bar ƴan ramuka. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zuba tukwane a Zango ya san wannan. Ana fasa yashi a fito da tukunya tana ƙyalli, a zuba mata ruwa, sai ka ga ɗigo yana tsatsafowa a gindinta. Idan ramukan suka haɗu da juna daga ciki har waje, sun zama hanya. Man giya kuwa ba shi da kauri, in mota ta yi zafi ya kai digiri 80 zuwa 90 sai ya koma kamar ruwa, ya bi hanyar da ido ba ya gani.

Amma kada ka yi gaggawar yanke wa kaskon hukunci. Shekaruna a Magazin na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, sun koya mini cewa kasko shi ne mai ɗaukar laifin kowa, domin shi ne a ƙasa, duk man da ya zubo daga sama a jikinsa yake taruwa. Robar sandar auna mai, bututun da ke kai mai wurin sanyaya, sil ɗin sandar canja giya, wosha na notin zubar da mai, kowanne yana iya zama ɓarawon. Ka wanke ƙasan giyabos tas, ya bushe, ka barbaɗa masa hodar jarirai har ya yi fari. Ka tayar da mota ta yi zafi, ka shiga ƙarƙashi da tocila. Idan jan layi ya gangaro daga sama, ba ruwan kasko. Idan kuwa ka ga jan tabo ya ɓullo shi kaɗai a tsakiyar farin, babu wata hanya da ta kawo shi, to ka kama shi. Ka zagaye wurin da ƙusa don kada ya ɓace maka.

Ni na fi son in kwance kaskon, in wanke, in shafa alli a bayansa, in ɗora shi a kan tsohuwar jarida, in cika shi da kananzir ya kwana. Kananzir ya fi man giya iya kutsawa. Da safe allin zai nuna maka ko wuri ɗaya ne ko wurare da yawa. In sun wuce biyu ko uku, ka mayar wa wanda ya sayar maka, ko ka nemi na ƙarfe irin wanda motar ta zo da shi. Kasko mai yoyo ko'ina bai cancanci wahalarka ba.

Maganar walda, ban ba ka shawara ba. Alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke, yana nan fari sai kawai ka ga ya zube. Wanda ya sha mai kuma, da wuta ta taɓa shi man cikin ramukan yake tafasowa, waldar ta fito da ƙuraje, ka toshe rami ɗaya ka buɗe biyar. Zafin yana iya murɗe bakin kaskon, gasket ya daina zama. Walda ta tsaga ce, kuma sai mai injin iskar argon wanda ya san aikinsa. Ruwan nan da ake zubawa cikin giya wai yana tsayar da yoyo shi ma ka manta da shi, roba yake kumburawa, ba ya toshe ƙarfe.

Gam yana aiki, amma a nan ne mutane suke faɗuwa, ni ma na faɗi. Ina sabon buɗe gareji wani Alhaji ya kawo mini irin wannan matsalar. Na wanke kaskon da fetur, na ga yana sheƙi, na shafe cikinsa da gam mai haɗi biyu, na ɗaura. Sati uku motar ta dawo a jan wata mota, giya ba ta shiga. Da na kwance sai na tarar gam ɗin ya ɓamɓare kamar ɓawon dafaffen ƙwai, gutsattsarinsa sun liƙe a bakin filta, mai ba ya hawa. Ni na biya gyaran, kuma na daɗe ina jin nauyin haɗa ido da bawan Allahn nan. Kuskurena shi ne na wanke saman ƙarfe na bar man da ke cikin ƙarfen. Da zafi ya zo sai man ya taso daga ramuka ya ɗaga gam ɗin.

Saboda haka aikin gaskiya shi ne fitar da man nan. Ka wanke da asiton ko ruwan wanke birki, ka bari ya bushe sarai, nesa da wuta. Sannan ka ɗora faifan ƙarfe a kan kurfoti, ka aza kaskon a kai, kada garwashi ya taɓa shi. Zafin da ake so wajen digiri 120 ne, wato in ka ɗiga ruwa ya yi cuu ya ƙafe nan take. Ka zuba ido a wurin da ka zagaye, za ka ga mai yana fitowa ƙananan ɗigo, baƙi-baƙi, kamar gumi a goshi. Sauke, bari ya huce, goge da asiton, sake ɗorawa. Wani kaskon sau uku ya isa, wani sai sau biyar. Sai ka ɗora bai ƙara fitar da komai ba sannan ka gama. Yarana a gareji sun tsani wannan aikin don yana cin yini, amma ba na ɗaga musu ƙafa a kansa.

Daga nan akwai abin da na fi amincewa da shi, wani ruwan gam mai suna Loctite 290, kore ne, tsinkakke kamar ruwa. An yi shi ne don ya tsotsu cikin ƙananan kafofi, kuma yana daskarewa ne inda babu iska, wato can cikin ramin. Ka shafa da ɗan buroshi kaskon yana da ɗumi, wajen digiri 85, ciki da waje, ka ga yana shanyewa. Ka ƙara har ya daina sha, ka goge ragowar da ke sama domin ita ba za ta bushe ba, ka bar shi awa 24. Kafofin da ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba yake toshewa. Manyan masana'antu ma kusan haka suke yi, sai dai su suna zuƙe iskar cikin ramuka da inji kafin su tura ruwan gam ɗin.

In ramin ya kai ka gan shi da ido, ka kankare wurin da samfefa mai kaushi ta waje, ka goge, ka shafa gam mai haɗi biyu na ƙarfe irin su J-B Weld, ka wuce bakin wurin da faɗin yatsa biyu. Ta waje na ce. Kasko ba ya ɗauke da matsin mai, nauyin man ne kawai, don haka facin waje ya wadatar, kuma ko ya ɓamɓare a titi zai faɗi, ba cikin giya ba.

Kafin ka mayar, ka sake gwajin kananzir. Kuma tunda ka ce an yi ta ƙara ɗaure notuna, ka kifa kaskon a kan gilashi ka duba ko bakinsa ya karkace. Sa sabon gasket, kada a cika silikon, a ɗaure notunan a gicciye, wannan gefe sannan na daura da shi. Yawancin ƙananan notunan nan Nm 10 zuwa 12 suke so (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), amma a duba littafin motarka. Zuba irin man da aka rubuta mata, ka auna shi tana da zafi. Tafiyarka ta farko zuwa Techiman ka tsaya a Offinso ka leƙa ƙasa, in ka dawo kuma ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai. Ka rubuto mana abin da ka gani.