Drunk ko intoxicated, cut ko lacerate: wanne zan rubuta a rahoton asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, yanzu muna zuwa asibiti sanin makamar aiki. An kawo wani mutum yana tangaɗi, harshensa na harɗewa, sai na rubuta "the patient is drunk". Sistar da ke kula da mu ta yi mini faɗa sosai a gaban mutane. A ɗan littafin da na yi karatun JAMB da shi kuwa, drunk da intoxicated da tipsy layi ɗaya suke, haka cut da incise da lacerate, haka carry da bear da convey. Yanzu tsoron rubuta rahoto nake ji. Don Allah ku taimaka mini. Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki kwantar da hankalinki, abin mai gyaruwa ne. Amma sista ta fi littafinki gaskiya, ko da yake faɗa a bainar jama'a bai dace ba.

Drunk kalmar yau da kullum ce, kuma giya take nunawa kai tsaye. Tipsy wanda abin ya fara taɓa shi ne, bai bugu ba. Wasted da hammered da plastered maganar 'yan mashaya ce, daidai da mu ce ya yi mankas ko ya yi tatil, ba su da gurbi a takardar aiki. Intoxicated ita ce ta likita da kotu, kuma ta fi faɗi, domin ta haɗa giya da ƙwaya da sholisho, har da guba. Alcoholic kuma mai lalurar da ya kasa rabuwa da giya ne, ko da yau bai kurɓa ba. Turanci ya cika da irin waɗannan: tun a 1737 Benjamin Franklin na Amurka ya jera kalaman kwatanta mai maye fiye da 200 a jaridarsa a Filadelfiya.

Sai dai ko intoxicated ɗin ma bai kamata ki rubuta ba a wannan hali. Me kika gani? Tangaɗi da harɗewar harshe. Mai ciwon suga da sukarinsa ya faɗi ƙasa haka yake yi, har da gumi da rikicewa. Wanda ya bugu a ka a haɗarin babur haka yake yi. Mai shanyewar ɓarin jiki ma haka. Da zarar an rubuta drunk a fayil, wanda ya karɓi aiki bayanki zai iya cewa a bar shi ya yi barci abin ya sake shi, alhali gwajin suga na minti ɗaya zai ceci ransa. Ga kuma ɓata suna: a jihar da shan giya laifi ne a Shari'a, kin ɗora wa magidanci tuhuma da alƙalaminki. Ki rubuta "unsteady gait, slurred speech", in kin ji wari ki ƙara "smell of alcohol on breath". Hukunci na likita ne bayan gwaji.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kusan kullum sai na yi fama da shi a aji, shi ne zaton cewa kalmomin da aka jera layi ɗaya za a iya cire wannan a sa waccan, kuma wadda ta fi tsawo ta fi nuna ilimi. Masu buga 'yan littattafan bakin tasha da malaman Facebook masu cewa "daina faɗin cut, ka ce lacerate" su suka cusa wa yara wannan cuta. Kalma goma a jere, babu jimla ko ɗaya, babu bayanin wa ke faɗinta kuma a ina. Ita kanta JAMB ɗin "nearest in meaning" take tambaya, wato mafi kusa. Ba ta ce daidai wa daida ba. Ke da kanki ba za ki ce uwa ta saɓa jariri ba in goya shi ta yi, ba za ki ce an fere rago ba. Me zai sa a ɗauka Turanci ba shi da irin wannan tsari? Yaro ya haddace jerin, ya ci jarrabawa, sannan a ba shi fayil ɗin mutum mai rai ya rubuta da wannan haddar. Ba na ganin laifin yaran, laifin na masu cin kuɗinsu ne.

Dubi yanka. Incision tsagawar likita ce da wuƙar tiyata. Excision a yanke abu a cire shi, kamar ƙari. Amputation guntule gaɓa ne, hannu ko ƙafa ko yatsa. Duka ukun a Hausa muna iya cewa "za a yanka", kuma nan ne haɗarin yake. Idan kina yi wa dattijo tafinta kafin ya dangwala yatsa a takardar amincewa da tiyata, kika ce "za a ɗan yanka ƙafar" alhali amputation aka rubuta, kin sa shi amincewa da abin da bai sani ba. Ki faɗa masa ƙarara cewa cire ƙafar za a yi, daga wuri kaza. Laceration kuwa, a wurin likitocin da ke rubuta wa kotu rahoto, yagewar fata ce daga dukan abu marar kaifi kamar gora ko dutse: bakin ciwon a dagargaje, gefensa da ƙujewa. Abin da wuƙa ko reza ta yi, mai baki sumul, incised wound ne. In zurfinsa ya fi tsawonsa, stab wound. Rahoto ya ce laceration, shaida ya ce wuƙa ya gani, lauya ya samu ƙofa ke nan. Chop da slice da dice ki bar su a kicin wurin albasa.

Ɗauka ba ta da wahala sosai. Carry ta wadatar kusan ko'ina. Lug kinkimar abu mai nauyi ne da ƙyar, haul jan kaya ko jigilarsu, convey ta takardun hukuma ce, bear ta fi zuwa a jure ciwo da ɗaukar nauyi da haihuwa. "Carry me go" Burokan ne mai kyau a muhallinsa, amma a rahoto mara lafiya "was taken" ko "was transferred" ake rubutawa. Guda ɗaya ce zan ja kunnenki a kai, wato carrier. Mai AS carrier ne, yana ɗauke da ƙwayar halittar sikila amma ba shi da ciwon. Kada ki fassara masa da "kana da sikila". Ki bayyana masa cewa in ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai ciwon sikila.

Ki nemi ƙamus na masu koyon Turanci, irin na Oxford ko Longman, wanda ke kawo jimlolin misali da alamar formal, informal, slang ko medical a gefen kalma. Ki kuma roƙi sista ta nuna miki rahotanni biyu ko uku da ta gamsu da su, ki kwafi yadda aka bayyana ciwo da yanayin mara lafiya a littafinki na aljihu.