Anty, anko da bashi sun bi ni har cikin sallah

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anty, sannu da ƙoƙari. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni malamar firamare ce a cikin garin Bauchi, aurena shekara tara, yara uku, mijina ƙaramin ma'aikaci ne kuma wallahi bai rage mu da komai ba daidai ƙarfinsa. Matsalata biki ne. Tsakanin dangina da dangin miji da ƙawayen aiki babu watan da ba'a fitar da anko, wani lokacin har biyu, atamfa daban leshi daban ga kuɗin ɗinki ga mayafi da jakar da zasu shiga da kayan, in bakiyi ba ace baki da zumunci. Yanzu haka adashe biyu nake zubi, kuma wata mai kawo mana kaya bashi a makaranta tana bina dubu 85, albashi in ya shigo baya kwana uku. Abinda yafi tada min hankali shine in na kabbara sallah lissafi nake, wa zan biya wa zan ba haƙuri, har in sallame ban san raka'a nawa nayi ba. Ranar nan matar tazo gida da la'asar nace wa babban ɗana yaje yace bana nan, yaron ya tsaya yana kallona kafin ya fita.

Da azumin da ya wuce naji wa'azi akan zuhudu, wato gudun duniya, sai nace na daina komai, bikin ƙanwar mijina da tsohuwar atamfata naje, yayarsa tace na zubar masa da mutunci a idon jama'a, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Kuma in faɗa miki gaskiya a wajen bikin naji ina kallon sauran matan kamar na fisu tsoron Allah. Anty shin zuhudun nan sai na rabar da kayana na koma sa tsumma ne, ko ni ce na ɗauko abinda yafi ƙarfina?

Maman yara, Fadamar Mada, Bauchi

AMSA

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Sau biyu na karanta saƙonki, kuma inda na tsaya ba wajen ankon bane, wajen yaron nan ne da ya tsaya yana kallonki. Ki kira shi ki zaunar dashi kice masa abinda na saka ka ranar nan ba daidai bane, nayi kuskure. Ba zaki rage a idonsa ba. Annabi (SAW) yana yawan neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili sai ya nuna cewa mutum in bashi ya kama shi zai yi magana yayi ƙarya, yayi alkawari ya saɓa. Kinga abinda ya faru a ƙofar gidanki kenan, ba don ke maƙaryaciya bace, bashin ne ya tura ki.

Shi yasa nake ganin zuhudunki ba daga akwati zai fara ba, daga dubu 85 ɗin nan zai fara. Kar ki jira ta sake zuwa, ke ki same ta, ku zauna ku rubuta nawa ne da nawa zaki iya bayarwa duk wata, ko dubu goma ce, amma wadda ba zata fashi ba. Ayar da tafi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, akan rubuta bashi take magana, wannan kaɗai ya isa ya nuna miki nauyin abin. Kuma har ki gama biya kar ki karɓi ko ɗankwali a hannunta, domin kayan bashi kullum sun fi na kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal tsada, kina biyan kuɗin kayan kina biyan kuɗin jira. Adashen ma in kin kwashi ɗaya ki toshe ramin dashi ki tsaya a guda ɗaya. Tsalle ɗaya ake a faɗa rijiya amma fitowa sai a hankali, kar ki ga wata shida ko takwas kice yayi nisa.

To batun tsumma. A'a. Babu inda addini yace mace tayi ta yawo kaca-kaca don a san ta bar duniya. A Suratul A'araf, aya ta 31 ce tace a ci a sha kar ayi ɓarna, ta 32 da ke biye da ita kuma tana tambayar waye ya haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa. Jere suke, ba'a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Abdurrahman bin Auf attajiri ne na gaske, Usman bin Affan ma haka, kuma dukkansu suna cikin goman da aka yi wa bushara da aljanna. Dukiyar tana hannunsu ne, bata shiga ta zauna a zuciya ba. Ke kuma abinda ya shige miki zuciya ba atamfar bace, idon mutane ne, me wance zata ce, wa zai ga hoton. In kin rabar da kayanki kaf gobe amma wannan tsoron yana nan, babu abinda ya canza sai dai ki koma aro.

Kuma bana so ki ɗora wa kanki laifin duka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuɗin keke napep, buhun shinkafa, kuɗin makaranta, albashi ko an ƙara bai kamo kasuwa ba, amma bikinmu bai ragu ba sai ma ƙaruwa yake. Da kamu ne da wuni da kai amarya da buɗar kai, yanzu an ƙaro dina da ranar ƙauyawa da daren larabawa kowanne da kayansa. Da in kinyi kwalliya matan unguwa ne zasu gani su manta, yanzu hoton yana WhatsApp da TikTok, kayan da kika sa sau ɗaya an riga an gansu ba kya son maimaitawa. Masu sayarwa kuma a cikin wayarki suke kwana, ƙarfe sha ɗaya na dare kina kwance ana jera miki sabon leshi. Kallon kitse muke wa rogo, da yawa cikin waɗanda kike gani a hoton nan suma ana binsu, wasu ma fiye da ke, kowa dai ta rufe nata.

Bari in baki abinda na gani da idona. Wata gwaggona ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta, mace ce mai son mutane, ba'a biki babu ita. Da aka zo fitar da kayanta don rabon gado ni na buɗe ƙasan sif ɗin, turamen atamfa na ciro ɗaya bayan ɗaya ko takardar jikinsu ba'a ɓare ba, wasu sun daɗe a ninke har layin ninkin ya koɗe, ɗaya ma ƙwari sun huda shi tun daga sama har ƙasa. Muna cikin ƙirgawa sai ga mata biyu sun yi sallama, cikin jin nauyi suke cewa akwai sauran kuɗinsu a kanta. Sai da aka fara biyansu kafin a raba komai. Ita kuma ƙyalle biyar farare aka naɗe ta dasu. Tun ranar duk turmin da zan saya sai na tambayi kaina yaushe zan ɗinka shi, in bani da amsa in ajiye musu abinsu.

Yanzu ga wadda tafi wuya, kuma naji daɗi da kika faɗe ta da bakinki, wato kallon da kika yi wa matan nan. Ƙanwata wannan yafi ankon haɗari. Wani sahabi ya tambayi Annabi (SAW) cewa mutum yana son tufarsa da takalminsa suyi kyau, ko girman kai ne? Sai aka nuna masa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shine ƙin gaskiya da raina mutane. Hadisin yana cikin Muslim. Ashe ana iya sa leshin dubu ɗari da tawali'u, ana kuma iya sa tsohuwar atamfa ana jin an fi kowa. Baki san me waccan mai gwal ɗin take yi da tsakar dare ba, baki san marayu nawa take ciyarwa ba. In kin sake jin abin ya taso miki, kiyi musu addu'a a zuciyarki ɗaya bayan ɗaya, yana kashe shi.

Ke malama ce, kuma a garinku akwai kabarin wani malamin makaranta, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi, ya riƙe Firayim Minista daga 1957 har aka kashe shi a Janairun 1966, dukiyar ƙasa ta bi ta hannunsa, amma abinda dattawa suke tuna shi dashi har gobe shine bai tara ba. Kuma duk hotunansa da kika sani tsaf yake cikin babbar riga da hula. Ki kai yaran wata Asabar su ga wajen, ki basu labarinsa.

Ita kuma yayar mijinki, a nan ina ganin kin ɗan yi gaggawa. Bikin ƙanwar miji ba irin bikin ƙawar ƙawa bane, kuma kin canza ne farat ɗaya ba tare da kin gaya wa kowa dalili ba, dole su fassara yadda suka ga dama. Ki shirya kije gidanta da ƙafarki, ai zumunci a ƙafa yake, ki gaishe ta kice Yaya kiyi haƙuri ba raini bane, nauyi ne yayi min yawa nake son in sauke. Kar ki kai mata wa'azi, kar ma ki ambaci kalmar zuhudu. Sannan ku zauna da maigida, in bai san da bashin nan ba ki sanar dashi, zai yi faɗa ƙila amma gara yaji daga bakinki. Ku yanke tare, anko na 'yan ɗaki ɗaya kawai, naki da nasa, shima in da hali. Sauran bukukuwa kije da wuri cikin kaya masu tsabta da guga, ki kama aiki a madafi, ki miƙa gudummawar da zaki iya. Za'a yi magana bikin farko da na biyu, zuwa na uku an saba.

Sallar kuma kar ki tsammaci zata gyaru rana ɗaya. Ki ware lokacin lissafi daban, bayan isha'i ki ɗauki biro da littafi ki rubuta komai, in tunanin yazo miki a tsakiyar Fatiha kin san yana da wajen zamansa. Kafin ki kabbara ki ajiye wayar a wani ɗakin, guruf ɗin masu kayan nan ki fita daga ciki yau ɗin nan, ba sai kin yi sallama da kowa ba. In kin yi biyan farko ki sake rubuto min, ina son in ji yadda kuka ƙare da Yaya.