Abin da ya sa sarkin Badun kullum tsoho ne

Wa alaikumussalam ɗana, na ga saƙonka, Allah ya sa a gama bautar ƙasar lafiya. Ka ce abin da ya ɗaure maka kai a Badun shi ne sarkinsu kullum tsoho ne tukuf, kuma ba ka taɓa jin ɗan sarki ya gaji ubansa ba. Toh ai ba za ka gane ba sai ka san yadda aka yi garin ma ya kafu.

Badun sansanin yaƙi ne tun asali. Wajen 1829, lokacin da daular Oyo ta wargaje ƙasar Yarbawa ta rikice, mayaƙa da ƴan gudun hijira daga Oyo da Ife da Ijebu da Egba suka taru a kan tsaunukan nan don tsira, kowa baƙo ne, ba mai cewa kakansa ne ya share wurin balle ya ce sarauta ta gidansu ce. Mai ƙarfin damtse da yawan mutane shi ke gaba. Su ne suka tare dakarun Ilori a Osogbo a 1840, daga baya suka shiga yaƙin Kiriji na shekara 16 wanda bai mutu ba sai 1893 da Turawa suka sa baki.

Shi ya sa sarautar tasu layi ake bi. Layi biyu ne, na Otun wato farar hula, da na Balogun wato na mayaƙa, yau wannan gobe wancan. Mutum zai fara da zama Mogaji, shugaban gidansu na gandu, sai a ba shi sarautar Jagun, matakin farko a layin, daga nan fa sai haƙuri, matakai sama da 20 ne kuma ba ka motsawa sai na gabanka ya rasu ko ya matsa. Kaga kafin a kai sama ai gemu ya yi fari fat. Dubi Rashidi Ladoja, har gwamnan jihar Oyo ya yi amma bai tsallake kowa ba, sama da shekara 30 yana bin layin kafin ya zama Olubadan, wato sarkin Badun, na 44 a 2025 yana da shekara 81. Ni wallahi abin yana burge ni, kowa ya san wa ke biye, ba a raba gari gida biyu saboda kujera kamar yadda muke gani a wasu masarautunmu, ƴan uwa na jini su daina gaisawa. Illarsa dai ɗaya, wani sarkin shekara ɗaya biyu sai Allah ya karɓi abinsa.

Mata ma suna da nasu layin, na Iyalode wato shugabar mata, kar ka raina matan kasuwar nan, da bakinsu ake jin gari.

Mu ma fa ba jiya muka je ba. Goro da shanu suka kai kakanninmu, an ware musu unguwar Sabo tun 1916, akwai Sarkin Hausawa da fadarsa, za ka ga dattijon da a can aka haifi ubansa, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa amma hularsa da rigarsa na nan. Rikicin kasuwar Sasa na 2021 ya yi mana ciwo ƙwarai, an yi asarar rayuka da dukiya, don haka in ka ga cacar baki a kasuwa ka kama gabanka.

Sai gaisuwa. Za ka ga saurayi ya kwanta rub da ciki gaban babba, mace ta durƙusa gwiwa biyu. Kai ba sai ka kwanta ba, ka rusuna sosai yadda aka koya maka a gida, kar ka riga babba miƙa hannu, kar ka ba shi abu da hagu. In damina ta yi za su fito da dodanninsu na Egungun, akwai wani Oloolu da suka ce mace ba ta ganinsa, ranar da ka ji zai fito ka gaya wa ƴan matan da kuke aiki tare su zauna a ɗaki. Kuma ranar Juma'a ka daure ka je Sabo ka yi salla, ka gaida manya ka faɗa musu ɗan gidan wa kake.