Tambaya da Amsa: In bar wa ChatGPT ya dinga amsa ƙorafin kwastomomi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ni atamfa da leshi da mayafai nake sayarwa ta WhatsApp, wallahi ƙorafi ya ishe ni, wannan ta ce ba kalar da ta gani a sitatus aka kawo mata ba, waccan ta ce mai mashin har yanzu bai iso ba, wata kuma sha biyun dare za ta turo saƙon murya tana ta faɗa. Ƙanina ya ce in sa ChatGPT, manhajar nan da ake rubuta wa magana ta tsara amsa, ya dinga amsa musu in huta, anya zai yi kuwa? Daga wata 'yar kasuwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Zai yi, amma ba irin hutun da ƙanin naki yake nufi ba gaskiya.

Inda yake da amfani shi ne lokacin da ranki ya ɓaci, kin san amsar da za ki rubuta a wannan lokacin sai kin yi da-na-sani, to sai ki gaya mishi abin da ya faru ki ce ya tsara miki amsa mai ladabi, ke kuma ki karanta ki gyara kafin ki tura. Gyaran nan dole ne, don Hausarsa wani lokaci kamar ta takardar ofis take, ba ya sanin wacce ake ce wa Hajiya da wacce ake ce wa Anti, kuma kwastoma tana jin amsa babu ɗumi za ta gane ba ke ba ce.

Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne ki sake mishi ragama ya dinga yanke hukunci a kan kuɗi. Wannan manhaja ba ta ga leshin ba, ba ta san ko alat ya shigo ba, kuma in ba ta san abu ba tana iya ƙirƙiro amsa ta faɗa da ƙarfin gwiwa, sai ki wayi gari ta yi wa mutum alkawarin mayar da kuɗi ko canjin kaya ba ki sani ba. Manyan kamfanoni ma irin wannan manhajar ta ja musu. A 2024 wata ƙaramar kotu a Kanada ta sa kamfanin jirgin sama na Air Canada biyan wani fasinja, saboda manhajar hira da ke shafinsu ta gaya mishi zai iya neman rangwamen da ake yi wa mai zuwa jana'iza bayan ya gama tafiyar, alhali dokar kamfanin ba haka take ba. Kamfanin ya so ya ce laifin manhajar ne, kotu ta ce ai a shafinku take. Ke da ko lauya ba ki da shi, a sitatus ɗin mutane za a yi miki taki shari'ar.

Mai saƙon sha biyun dare kuwa ba sai ChatGPT ba, WhatsApp Business yana da saƙon da ke tafiya da kansa in ba kya kusa, ki rubuta an ga saƙonta za a kira ta da safe, kuma ki kira ɗin, don mai fushi murya take son ji.

Sannan don Allah in za ki liƙa wa ChatGPT hirar kwastoma ki goge suna da lambar waya da adireshi da lambar akawun tukuna, kar ki tura mishi hoton rasit yadda yake. Amana ce suka ba ki, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane.