Shawarwari ga manoma: kajin gida da sanyin hunturu a Jos

Wata baiwar Allah daga Unguwar Rogo ta rubuto cewa tun shigowar watan Disamba ta rufe akurkin kajinta ruf da leda saboda sanyi, amma ga shi sun soma tari da atishawa, kuma tana tambaya ko ta ƙara musu da kaskon gawayi.

Hajiya, a ganina ledar ce ta jawo tarin, ba sanyin ba. Gaskiya ne cewa Jos tana bisa tudun da ya kai kusan mita 1,200 daga teku, shi ya sa darenmu daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi na Kano ko Abuja cizo, amma babbar kaza mai cikakken gashi, wadda zafin jikinta yake kusan digiri 41, tana jure irin wannan sanyi muddin jikinta a bushe yake kuma iska ba ta bugunta kai tsaye. Abin da ba ta jurewa shi ne ɗaki toshe, inda tururin numfashi da zarnin kashi suke taruwa har su ƙone mata maƙogwaro. Ki gwada da kanki da asuba: ki durƙusa, ki sa fuskarki daidai tsayin kan kaza. Idan idonki ya yi yaji, ko kika ga raɓa tana tsiyaya a jikin ledar, to a cikin wannan suke kwana. Ki toshe ɓangaren arewa maso gabas kaɗai, domin daga can iskar hunturu take kaɗowa, kuma buhu ya fi leda tunda yana barin iska ta ratsa. Sannan ki bar rata a sama, kusa da rufi. Ki shimfiɗa buntun shinkafa ko ɗiɗɗigar katako mai kaurin yatsu huɗu, ki riƙa kwashe inda ya jiƙe a gindin mazubin ruwa. Da yamma ki watsa musu masara ko dawa, saboda kazar da ta kwana da ƙoshi ta fi samun ɗumi. Manyan kaji ba su bukatar kasko.

Wani makiyayi daga Bukuru kuwa ya ce yana wayar gari ya tarar da 'yan tsakinsa na kwana biyar sun mutu a kusurwa, wasu a kan wasu.

Malam, nan sanyi ne da gaske. Ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai gashinsa ya cika, wajen mako biyar zuwa shida, don haka a makon farko yana bukatar digiri 32 zuwa 35, ana rage kusan digiri 3 kowane mako. Wanda ba shi da ma'auni sai ya kalli 'yan tsakin: idan sun cunkushe a gindin wuta suna kuka, sanyi suke ji, idan sun gudu jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa. Ka zagaye su da kwali don kada a sami kusurwar da za su danne juna. Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, gawayi ya halatta, amma a hura shi a waje har ya zama garwashi kafin a shigar da shi, kuma kada a rufe ɗakin gaba ɗaya, domin iskar gawayi tana kashewa ba tare da wari ba. 'Yan zabi ma sun fi 'yan kaji raki a wannan fanni.

Akwai kuma mai tambaya ko barkono da kafso a ruwan sha za su tsayar da cutar nan mai sa koren zawo da murɗewar wuya. Ba za su tsayar ba. Wannan ita ce cutar Niyukasil, wadda ta fi yaɗuwa lokacin hunturu, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, nan kusa da mu, tana yin rigakafinta, har da nau'in I-2 mai jure zafi wanda ake ɗigawa a ido. Lafiyayyun kaji ake yi wa, a maimaita bayan kamar wata huɗu. Kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu, kuma idan mutuwa ta zo da yawa farat ɗaya, a kira likitan dabbobi kafin a taɓa gawar, domin tana iya zama murar tsuntsaye.